Yadda ake harhaɗa wuraren ban tausayi na fina-finan katun su zama bidiyo ɗaya

Duk mai yawo a YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: minti uku ko huɗu, waƙa mai sanyi tana tafiya a ƙasa, gutsattsarin fina-finan katun suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ga Simba yana zungurar gawar ubansa Mufasa ko zai tashi, ga Bambi yana neman uwarsa cikin dusar ƙanƙara, ga tsoho Carl na fim ɗin Up zaune shi kaɗai riƙe da balan-balan. Wasu daga cikin bidiyoyin sukan sa magidanci ya kau da kai yana goge ido. Mafi yawansu kuwa ko gezau, mutum ya kalla ya wuce. Kuma kusan wurare iri ɗaya dukkansu suke ɗiba.

Dalilin yana cikin yadda tausayi yake shiga zuciyar mai kallo. A The Lion King na 1994, sai da aka shafe sama da minti 30 ana nuna uba da ɗa suna wasa, suna hira a ƙarƙashin taurari, uban yana yi masa faɗa yana kuma ceto shi, kafin garken namun daji ya rufto cikin kwazazzabon da uban ya mutu a ciki. Hawayen da ke zuba a wurin, tun farkon fim aka fara tara su. In ka yanko mutuwar kaɗai ka liƙa ta kusa da wata mutuwar, ka mayar da mai kallo kamar wanda aka ja zuwa ta'aziyyar mutumin da bai taɓa gani ba: zai yi addu'a, zai sunkuyar da kai, amma idonsa a bushe zai fito. Aikin mai haɗa irin wannan bidiyo shi ne ya sake gina sanayyar nan cikin daƙiƙoƙi kaɗan, da kayan da wasu suka zana don wani labarin daban. Duk sauran dabarun sana'ar, wannan suke yi wa hidima.

Abin ya girmi intanet. A 1975 wata Ba'amurkiya mai suna Kandy Fong ta fara haska hotunan shirin Star Trek a bango tana bin su da waƙa a tarukan masoya shirin. A 1982 wani matashi, Jim Kaposztas, ya jona na'urorin bidiyo biyu na kaset, ya ɗebo wuraren yaƙi na katun ɗin Japan da ake kira Star Blazers a Amurka, ya ɗora musu wata waƙar soyayya ta Beatles don barkwanci. Shi ake yawan ambata a matsayin wanda ya fara abin da yanzu ake kira AMV, wato bidiyon waƙa da aka haɗa da katun ɗin Japan. Har yau ana gasar irin waɗannan bidiyoyi a manyan tarukan masoya katun ɗin Japan kamar Anime Expo da Otakon. Abin da ya canja shi ne kayan aiki: aikin da a da sai da kaset da haƙurin gaske, yanzu wayar da ke aljihunka tana yin sa.

Akwai wani gwaji da kowane mai tace fim ya kamata ya sani. Wajajen 1920, wani malamin fim na Tarayyar Sobiyet, Lev Kuleshov, ya ɗauki fuskar ɗan wasa Ivan Mosjoukine, fuska a sake babu fara'a babu ɓacin rai, ya jera ta sau uku: bayan kwanon miya, bayan yarinya a cikin akwatin gawa, bayan wata mace. Kamar yadda ake ba da labari, 'yan kallo sun yaba yadda mutumin ya nuna yunwa, ya nuna baƙin ciki, ya nuna sha'awa, alhali fuskar guda ce ba ta canja ba. Ma'anar hoto tana fitowa ne daga hoton da ke gabansa da wanda ke bayansa. Wannan shi ne jarin mai haɗa bidiyo. Yana iya ɗaukar kallon da Woody ya yi a Toy Story ya ajiye shi bayan wani abu da ya faru a fim ɗin Japan, mai kallo ya ɗauka abin Woody yake kallo.

Saboda haka kafin a buɗe kowace manhaja, a zauna da takarda da biro a yanke shawarar abu ɗaya da bidiyon zai yi magana a kai. "Wuraren ban tausayi" ya yi faɗi da yawa. Rabuwar uwa da ɗa jigo ne. Tsufa jigo ne. Wanda aka bari a baya bayan kowa ya tafi, shi ma jigo ne. Wanda ya fi duka riƙe bidiyo kuwa shi ne abin da ido zai iya gani yana maimaituwa, ko da an kashe sauti.

Ɗauki hannu, misali. A Tarzan na 1999, goggon biri Kala da yaron da ta tsinta suna haɗa tafin hannu. A Up na 2009, Carl da Ellie sun bar shatin tafin hannunsu da fenti a jikin akwatin wasiƙa. Simba ƙarami ya sa 'yar ƙafarsa cikin sawun ubansa, ya ga yadda ta ɓace a ciki. A Dumbo na 1941 an kulle uwar giwa a keji, ta zuro hancinta ta tsakanin ƙarafa ta yi wa ɗanta shillo da shi. Mutum-mutumin WALL-E na 2008 ya kwashe fim guda yana neman wanda zai riƙe masa hannu. A Toy Story 3 na 2010, kayan wasan sun ga wutar ƙona shara ta tunkaro su babu mafita, sai suka daina fafutuka suka kama hannun juna. A ƙarshen Spirited Away na 2001, Chihiro ta saki hannun Haku ta tafi, kyamara ta tsaya a kan hannunsa shi kaɗai a iska. A Coco na 2017, alamar farko da ta nuna cewa tsohuwa Mama Coco ta fara tuna mahaifinta ita ce motsin yatsanta.

Duba jerin nan da kyau, za ka ga labari ya riga ya tsara kansa: hannun da ya miƙo, hannun da ya kama, hannun da ya ƙanƙame, hannun da ya saki, sai kuma yatsan da ya motsa bayan an fid da rai. Babu gawa ko ɗaya a ciki, kuma ni a ganina ya fi bidiyon da ya jera mutuwa goma ƙarfi nesa ba kusa ba. Masu zanen kansu sun san haka. A Bambi na 1942 ba a nuna faɗuwar uwar ba sam. Ƙarar bindiga ake ji, ɗan barewa ya ci gaba da gudu har maɓoya, ya juyo yana murna, ya tarar babu kowa a bayansa.

Wanda ke son ganin yadda ake gina tausayi a gajarce, ya kalli farkon Up sau da yawa. Cikin minti huɗu da 'yan kai, babu magana ko ɗaya, Pete Docter da abokan aikinsa sun nuna aure tun daga ranar ɗaurinsa har jana'iza. Lura da yawan farin cikin da ke ciki: gyaran gida, kwanciya a kan ciyawa ana kallon gajimare, tulun asusun da ake ta fasawa yau don tayar mota gobe don karaya. Har wucewar shekaru da ɗaurin laktaye aka nuna ta, hannun Ellie yana gyara masa shi safiya bayan safiya har hannun ya tsufa. Kiɗan Michael Giacchino, wanda ya ci lambar Oska a kan fim ɗin, karin guda ne tun farko har ƙarshe. Da ƙuruciya yana tsalle, a asibiti yana jan ƙafa, a ƙarshe fiyano kaɗai ta rage. Darasin ga mai haɗa bidiyo a fili yake: ka ba dariya da wasa aƙalla rabin lokacinka. Mutum ba ya jin zafin rashin abin da ba a nuna masa daɗinsa ba.

Sai zancen waƙa. Da yawa sukan gama jera hotuna sannan su tafi neman waƙar da za su shimfiɗa a kai. Juya abin: zaɓi waƙar tukuna, ka saurare ta har ka haddace inda take hawa da inda take sauka, domin a kanta za ka gina komai. Waƙar da ke da amo guda tun farko har ƙarshe ba ta da amfani a nan. Nemi wadda ta fara a hankali, ta taso, ta yi wani ɗan shiru, sannan ta ɓarke. In ta yi tsawo a rage ta, a cire baiti guda daga tsakiya a daidai inda bugun ya maimaitu, kunne ba zai gane ba. Minti biyu da rabi zuwa uku ya wadatar.

Akwai ɗan lissafi mai sauƙi. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Waƙar da ke bugu 72 a minti, kowane bugu nata hoto 20 ne daidai. Manhajojin tace bidiyo suna ba ka damar sa alama a kan kowane bugu, wasu ma suna sa ta da kansu. Tarkon da ke nan shi ne mutum ya riƙa yanka a kan kowane bugu. Wannan salon bidiyon faɗa ne. A bidiyon tausayi fuska tana buƙatar lokaci, domin abin da ke taɓa zuciya shi ne canjin da ke faruwa a kanta: gira ta sauka, leɓe ya fara rawa, ido ya kau gefe. Masu zane sun ɓata makonni a kan daƙiƙa ukun nan. In ka yanke kafin canjin ya kammala, ka zubar da abin da ka zo ɗauka. Walter Murch, wanda ya yi aikin tace Apocalypse Now da The English Patient, ya jera abubuwa shida da yake dubawa kafin ya yanka, ya ba motsin zuciya kashi 51 cikin 100, labari kashi 23, kari kuwa kashi 10 kacal. Wato in bugun waƙa ya ce ka yanka, fuskar kuma ta ce ka dakata, bi ta fuskar.

Haɗa fim da fim yana yin santsi idan motsi ya ci gaba a tsakaninsu. Hannu ya fara miƙawa daga hagu a wannan fim, ya ƙarasa miƙawa daga hagu a wancan. Yaro ya juya kai a nan, tsoho ya ƙarasa juyawar a can. A kula kuma da inda idon mai kallo yake a fuskar allo lokacin yankan, hoton da zai biyo baya ya ajiye abin kallonsa kusa da wurin. Kayan ado da manhajoji ke tallatawa, irin su juyin allo, walƙiya, girgiza da ruwan furanni, a bar su inda aka gan su. Yanka kai tsaye ya isa, sai narkar da hoto cikin hoto jefi-jefi inda ake son nuna wucewar lokaci.

Sauti ne wurin da ake fi gane gwani. Kowane gutsure yana zuwa da kiɗansa na asali, kuma in ya haɗu da waƙarka sai su yi ta karo. Hanya mafi sauƙi ita ce a kashe sautin asali gaba ɗaya. Amma murya ɗaya ko biyu da aka bari a daidai wuri, kamar kiran da Bambi ke yi ko shessheƙar Chihiro tana cin dunƙulen shinkafa, takan yi aikin da waƙa ba za ta yi ba. Fim ɗin da ke da sauti mai layi shida, wanda ake rubutawa 5.1, yawancin maganganunsa a layin tsakiya suke, don haka ana iya ware shi da manhajar Audacity a bar kiɗan a sauran layukan. In sautin mai layi biyu ne, akwai manhajojin da ke raba murya da kiɗa, irin su Ultimate Vocal Remover, ko da yake sukan bar ɗan gurɓata. A sassauta waƙar a ƙarƙashin muryar, a mayar da ita a hankali bayan ta wuce. Wata dabarar ita ce a shigo da muryar kafin hoton mai ita ya bayyana, kunne ya riga ido isa.

Kar a ji tsoron shiru. Hayao Miyazaki ya taɓa tafa hannu a gaban mai sharhin fim Roger Ebert a 2002, ya nuna masa cewa 'yar tazarar da ke tsakanin tafi da tafi ita yake bari da gangan a fina-finansa, don mai kallo ya sami wurin numfashi. Daƙiƙa biyu babu kiɗa kafin wuri mafi nauyi sun fi ƙara sauti tasiri. Wanda ma ba ya son sa kiɗa kwata-kwata yana iya gina bidiyo da sautin ruwan sama, iska, takun ƙafa da muryoyin 'yan wasan. Ya fi wuya, amma in ya yi kyau ba a manta shi.

Game da kayan aiki ba sai an tsawaita ba. A waya akwai CapCut, VN, InShot da KineMaster. A kwamfuta akwai DaVinci Resolve mai sigar kyauta da ƙwararru ma ke amfani da ita, sai dai tana son na'ura mai ƙarfi. Kdenlive da Shotcut kyauta ne kuma sun fi sauƙin nauyi. Kowace a cikinsu za ta yi.

Abubuwa biyu na hoto ne suke yawan ɓata aiki. Na farko, siffar allo. Bambi da Dumbo kusan murabba'i ne, faɗi 1.37 a kan tsawo 1, WALL-E kuwa shimfiɗaɗɗe ne, 2.39 a kan 1. In aka jera su haka nan, baƙin gefe zai riƙa tsalle daga sama zuwa gefe. A zaɓi siffa guda a daidaita kowa a kanta, gutsure bayan gutsure, ana duba kada a sare kai ko hannu. Bidiyon tsaye na TikTok da sitatus ya fi cin hoto: allon talabijin na 16:9 yana rasa kusan kashi biyu cikin uku na faɗinsa, shimfiɗaɗɗen fim kuwa sama da kashi uku cikin huɗu. Wurin da mutum biyu ke tsaye nesa da juna, wanda tazarar ce ma'anarsa, ba ya rayuwa a tsaye. Na biyu, rage gudu. Katun ɗin Japan da yawa zane 12 ko 8 ake yi musu a daƙiƙa, ana maimaita kowanne sau biyu ko uku. In ka rage gudunsu sai su riƙa tsinkewa, in kuma ka sa manhaja ta ƙirƙiro hotunan tsakiya, layukan zanen su narke. Gara a bar su a gudunsu. Launi ma haka: masu fim sun zaɓi kowane launi da niyya, kar a lulluɓe su da shuɗi don a nuna baƙin ciki.

Rubutun fassara zuwa Hausa yana taimakawa inda aka bar murya, amma ya zama gajere, layi ɗaya, a ƙasa, da haruffa marasa ado. Fassarar fina-finan Indiya ta saba mana da mai magana a kan fim yana sharhi yana barkwanci. Salon yana da daɗinsa a wurinsa, a nan kuwa zai kashe abin da ake ginawa.

In an gama, a ba wanda bai taɓa kallon fina-finan ba ya kalla, kuma kar a yi masa bayanin komai. Kai da ka san labarin Seita da ƙanwarsa Setsuko a Grave of the Fireflies, fim ɗin Isao Takahata na 1988 a kan marayu biyu a birnin Kobe lokacin ruwan bama-baman 1945, ganin gwangwanin alewar nan kaɗai ya isa ya karya maka zuciya. Shi baƙon gwangwani kawai yake gani. Duk inda ya tambaya "wannan kuma fa?", wurin yana buƙatar hoto ɗaya da zai share masa fage, ko a cire shi.  A kuma rubuta gargaɗi a farko cewa bidiyon yana tona ƙarshen wasu fina-finai. Wajen fitarwa, MP4 mai tsabtar 1080 a hoto 24 ya dace. A ma'aunin da YouTube ke ba da shawara, minti uku zai kai kusan megabait 180, don haka a tanadi data. WhatsApp yana matse bidiyo har wuraren duhu su dagule, sai dai in an tura shi a matsayin fayil.

Saura zancen da ba a son ji: kayan nan duka suna da masu su, hoton da waƙar. Rubuta "ba nawa ba ne" a ƙasan bidiyo ba ya kare kowa. Tun 2007 YouTube ke da tsarin Content ID da ke gwada duk abin da aka ɗora da ajiyar kamfanoni. In ya gano nasu, mai kayan yana da zaɓi: ya toshe bidiyon, ya sa talla ya kwashi kuɗin, ko ya ƙyale yana bin ƙididdiga. Wannan bai kai takardar ƙorafi ta a sauke bidiyo ba, wadda ita ce ke jawo gargaɗi, kuma gargaɗi uku cikin kwana 90 suna iya rufe tasha ɗungurungum. Galibi waƙar ce ake fara kamawa kafin hoton. Dokar Amurka ta 1976 tana da sassauci ga amfani na adalci, inda ake duba manufar aikin, irin kayan da aka ɗauka, yawan abin da aka ɗiba, da ko zai rage wa mai kayan ciniki. Gajerun gutsattsari da aka juya suka ba da sabuwar ma'ana sun fi samun kariya a kan fitowa guda da aka kwafe sukutum, amma kotu ce ke da hukuncin ƙarshe. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ita ma ta ware sassauci ga sharhi, suka da kwaikwayo. Japan ba ta da irin faffaɗan sassaucin Amurka, shi ya sa kamfanoninta suka fi tsanani: a Disamban 2021 Toei Animation ta sa aka toshe wa wani mai sharhin katun bidiyo sama da 150 a lokaci guda. Masu juya hoto hagu ya koma dama ko sirantar da murya don su zille wa na'ura suna lalata aikinsu ne, kuma sau da yawa ana kama su duk da haka. Mai hankali ba ya sa ran kuɗi daga irin wannan bidiyo, yana rubuta sunan kowane fim da mai waƙar, yana kuma ajiye kwafinsa a gida.

Akwai kayan da za a koyi aikin da su hankali kwance. YouTube yana da rumbun kiɗa na kyauta a cikin sashen masu tasha. Gidauniyar Blender da ke Holan ta saki gajerun fina-finan katun da kowa ke da izinin yankawa ya sake haɗawa muddin ya ambaci masu su, irin su Big Buck Bunny na 2008 da Spring na 2019. Wanda ya fi dacewa da wannan aiki shi ne Sintel na 2010, kusan minti 15, labarin wata yarinya da ta tsinci jaririn dodo mai fuka-fuki da rauni ta yi jinyarsa, aka sace mata shi, ta bi sawunsa shekara da shekaru, ta kashe wani ƙaton dodo a cikin kogo, sannan ta ga tabon tsohon raunin nan a fiffikensa. Akwai wasa a cikinsa, akwai rabuwa, akwai nadama, kuma ana sauke shi kyauta da cikakkiyar tsabtar hoto. Mayar da shi bidiyon daƙiƙa 90 wanda baƙo zai fahimta ba tare da an yi masa bayani ba ya isa aikin gwaji na farko.